Filin Tambayi Likita: "Sikanin ƙafa kuma? Ai Baba ba ciki gare shi ba"

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonni sun taru a kan abu ɗaya kamar an haɗa baki, duk maganar ƙafa ce da hoton jijiyar jini, shi ya sa na tattara su wuri guda, masu tambaya a kan olsa da basir ku yi min haƙuri sai fitowa ta gaba. Kamar kullum na cire sunaye da lambobin waya.

TAMBAYA: Salam likita, don Allah ina neman ƙarin bayani. Babanmu yana da ciwon suga kusan shekara 12, to wata biyu da suka wuce ya ba masu yawo da almakashin nan yankan farce, aka ɗan tsage shi a gefen babban yatsa, abu kamar wasa wallahi yanzu yatsan ya yi baƙi ya bushe, da daddare ba ya samun barci sai ya sauko da ƙafar ƙasa daga kan gado sannan ya ɗan runtsa. Mun kai shi asibiti an yi hoton ƙashi an ce ƙashi lafiya lau, yanzu kuma sun ce sai mun yi wani sikanin wai shi Dofla kafin su taɓa wajen. Yayanmu ya ce cin kuɗi ne kawai, sikanin ai na masu ciki ne Baba kuma ba ciki gare shi ba, gara a kira wanzami ya cire mataccen naman a huta. Ni dai hankalina bai kwanta ba, mene ne wannan Doflan? Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

AMSA: Wa alaikumussalam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya ya sa kaffara ne. Kafin na shiga bayani ki riƙe wannan tukuna, kada kowa ya sa aska a yatsan nan, ko wanzami ko mai kemis ko ke kanki, kuma kada a tsoma ƙafar a ruwan zafi da gishiri, a bar wajen a bushe a rufe da bandeji mai tsabta wanda bai matse ba, a je a yi awon nan a cikin satin nan, ba sai an yi albashi ba. In kuma kika ga zazzaɓi ko wari ko kumburi yana hawowa sama, wannan ba ma jiran sati, ranar za a koma asibiti.

Ki gaishe min da Yaya, ki ce masa ban ga laifinsa ba, mu kanmu ma'aikatan lafiya mu muka jawo, sai mu miƙa wa mutum takarda mu ce je ka yi kaza ba tare da mun ce masa don me ba. Kuma Hausarmu ma tana da nata a ciki, kalma ɗaya ce jijiya amma abubuwa wajen huɗu take ɗauke da su, akwai jijiyar da ke kai jini daga zuciya zuwa ƙafa, akwai wadda ke dawo da shi, akwai jijiyar ji wadda ke gaya wa ƙwaƙwalwa cewa ka taka ƙaya, ga kuma agara wadda mahauta ma jijiya suke ce mata. Ciwon suga in ya daɗe yana lalata biyu daga ciki, yana kashe jijiyar ji, shi ya sa aka yanki Baba bai ma ji sosai ba, kuma yana toshe jijiyar kai jini, shi ya sa yankan ya ƙi warkewa. Hoton ƙashin da kuka yi ƙashi kawai yake nunawa, ba ruwansa da ko jini yana gudu ko ba ya gudu.

Shi Dofla sunan mutum ne, Christian Doppler, wani masani ɗan ƙasar Ostiriya da ya yi bayanin abin tun 1842. Kin san in motar asibiti ta taho da jiniya, sautin yana da kaifi tana tunkaro ki, tana wuce ki sai ki ji ya sauka ya yi kauri, to wannan canjin shi ne abin da ya gano. Sai bayan shekara ɗari da wani abu wani Bajapane, Shigeo Satomura na jami'ar Osaka, ya fara gwada shi a jikin mutum a shekarun 1950. Na'urar tana tura sauti mai sirin da kunne ba ya kamawa zuwa cikin jijiya, sautin ya bugi ƙwayoyin jini masu tafiya ya dawo a canje, daga nan a san jinin yana tafiya ko a'a, da wane sauri, kuma ina ya nufa. Ita ce dai fasahar da ake jin bugun zuciyar jariri da ita a wajen awo, nan kam Yaya bai yi ƙarya ba, sai dai ai ba a ce don an auna mai jego da sikeli ba za a auna buhun masara da shi ba.

Iri biyu ne. Akwai ƙaramar ta hannu, ba ta wuce girman wayar salula ta da ba, da ɗan kai kamar biro, wannan ita masu duba ƙafa ke yawo da ita a aljihu. Za a kwantar da Baba rigingine ya huta kamar minti 10, a shafa jel mai sanyi a wurare biyu, saman ƙafa wajen layin da ke tsakanin babban yatsa da mai bi masa, da kuma bayan ƙashin idon sawu ta ciki, a ɗora kan na'urar a karkace a saurara. Jijiya mai lafiya bugu uku take yi a jere, fiu-ta-ta, fiu-ta-ta, da kaifinta. Wadda aka toshe mata hanya daga sama sai ki ji wani dogon shuuu, shuuu, kamar iska tana fita daga tsohuwar taya, wani lokaci kuma shiru kake ji, kuma wallahi babu shirun da nake ƙi irin wannan. Sannan a ɗaura abin awon hawan jini a damtse a auna, a ɗaura a saman idon sawu a auna, a raba na ƙafa da na hannu, lambar da ta fito ita ce za ki ga an rubuta ABI a takarda. Misali hannu 140 ƙafa 70, ya zama 0.5 ke nan, rabin ƙarfin da ya kamata ya isa ƙafar. Daga 1.0 zuwa 1.4 shi ne daidai, 0.9 zuwa ƙasa akwai toshewa, in ya gangaro wajen 0.4 ko ƙasa da haka ƙafar tana cikin haɗari sosai.

Na biyun shi ne babban inji mai allo da ke sashen hoto, shi ba ji kawai yake ba, gani yake, za a bi jijiyar tun daga matsematsi a gangaro cinya, bayan gwiwa, har idon sawu, a ga daidai inda ta tsuke da tsawon wajen. Yana ɗaukar rabin awa zuwa awa guda, ba allura ba yanka ba zafi, kuma ba a zuba ruwan nan na cikin jijiya da ake zubawa a hoton CT wanda yakan wahalar da ƙoda, wannan kuwa abin dubawa ne ga mai suga na shekara 12. In kika leƙa allon kika ga ja da shuɗi kada ki ce ga jini mai kyau ga gurɓatacce, launin alƙibla kawai yake nunawa, ɗaya mai tahowa wajen na'urar ɗaya mai tafiya.

Abin da ya fi tsaya min a rai a wasiƙarki shi ne sauko da ƙafa da yake yi da daddare. Wannan ba ɗabi'ar tsufa ba ce, in ya kwanta a miƙe ɗan jinin da ke lallaɓawa ya kasa isa yatsu sai zafi ya tashe shi, in ya sauke ƙafar sai nauyin jinin ya taimaka ya gangara ya ɗan ji sauƙi. Mu a wajenmu wannan alama ce ta toshewa mai tsanani. To ki duba, in aka yanke nama a ƙafar da jini ba ya isa, da me sabon yankan zai warke? Na sha gani, an cire yatsa ɗaya wajen bai haɗe ba, an ƙara gaba bai haɗe ba, ana ta hawa kamar mai saran itace har a kai ƙasan gwiwa. Likitan da ya ce ba zai taɓa ba sai ya ga Dofla, wannan shi ne ya san aikinsa. In hoton ya nuna inda ta toshe, akwai buɗe jijiya da ɗan balan-balan da ake zurawa ta ciki, akwai kuma aikin kewaye wajen da wata jijiyar da ake cirowa daga ƙafar mutum ɗin, ba kowane asibiti ke yi ba gaskiya, sai manya ƙalilan, amma ko ba a kai ga haka ba sakamakon ne zai gaya wa likita inda in ya yanka zai warke.

TAMBAYA: Likita barka da aiki. Ni ma mai suga ne kuma ina da matsalar ƙoda, an yi min awon nan na ƙafa aka rubuta 1.5 a dama 1.6 a hagu, ɗana da ke karatun kimiyya ya duba a intanet ya ce ƙasa da 0.9 ne matsala don haka ni na ma fi lafiya lafiya, amma nas ɗin ta ce in dawo a auna yatsa. Ko dai ba ta iya ba ne? Daga wani bawan Allah a Sakkwato.

AMSA: Alhaji ta iya, ta ma iya sosai, ka koma. Ɗanka ya karanta rabin shafi ne ya rufe. Awon nan dabararsa ita ce a hura abin ɗaurin har ya matse jijiya ta rufe, sannan a sassauta a ji lokacin da jini ya dawo. To mai suga da ya daɗe, musamman in ƙoda ta shigo ciki, bangon jijiyarsa yakan tara sinadarin kalsiyam ya yi tauri, ka ɗauka tiyon roba ne sabo da kake iya matsewa da yatsa biyu, da kuma tsohon fayif na ƙarfe da ko ka hau kansa ba zai lotsa ba, ciki kuwa wataƙila duk tsatsa ta cinye hanyar. Sai a yi ta hurawa jijiya ta ƙi rufewa, lamba ta yi sama, takarda ta fito da 1.5 kamar abin arziki. Duk abin da ya haura 1.4 ba a cewa lafiya, cewa ake awon bai yi aiki ba a wannan ƙafar.

Jijiyoyin yatsa su ba su cika yin wannan taurin ba, shi ya sa ake da wani ɗan mitsitsin abin ɗauri da ake naɗawa a babban yatsa. A nan ƙasa da 0.7 ne ake cewa akwai toshewa, kuma in ƙarfin jinin yatsa ya gaza 30, gyambo da wuya ya warke sai an buɗe hanya. Inda babu na yatsan, sai a dogara da sautin da na bayyana a sama, bugu uku ne ko shuuu ne, ko a tura ka babban inji.

Nan ne ma nake da ƙorafi a kan yadda muke karɓar sakamako, mu da marasa lafiyar duka. Mun ɗauki takardar inji kamar hukuncin alƙali. Ni an taɓa kawo min wani dattijo da takarda mai kyau a hannu, lambobi tsaf, na cire masa safa na taɓa ƙafar sanyi ƙalau kamar randa, gashin ƙwauri duk ya zube fata tana sheƙi, ka ga ai ƙafar ta riga takardar magana. Kuma ko da awon yatsan ya fito lafiya Alhaji, wannan jini kawai ya wanke, bai ce komai a kan jijiyar ji ba, ita da wani siririn zare mai kama da na kamun kifi ake gwada ta, a dangwala a tafin ƙafa kana rufe da ido a ce ka ji ko ba ka ji ba. Mutum zai iya samun jini yana gudu kamar kogin Rima amma ƙafa ba ta ji, irinsu ne ke miƙa ƙafa kusa da garwashi da hunturu su wayi gari da ƙuna ba su san lokacin da ta faru ba. Mai suga a duba masa ƙafa aƙalla sau ɗaya a shekara, kai da ƙoda ta shiga lissafinka ya kamata ya fi haka yawa.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe ni direban babbar mota ne Kano zuwa Legas, shekarata 54, ba ni da suga. In na yi tafiyar ƙasa kamar daga gida zuwa masallacin Juma'a sai dambubun ƙafata ta dama ya ƙulle kamar an ɗaure da igiya, in na tsaya minti biyu ko uku ya sake ni, in na ci gaba ya dawo. An ce sanyi ne na sha maganin sanyi har na gaji, an yi min ƙaho sau biyu. Ina shan sigari amma ba da yawa ba. Shin ina buƙatar hoton nan?

AMSA: Malam direba, sanyin nan dai ya ga ta kansa a ƙasar Hausa, komai shi. Yadda ka kwatanta abin ko a littafi sai haka, ciwo mai zuwa da tafiya, a wuri ɗaya, bayan kusan nisa ɗaya, ya tafi da tsayuwa ba sai ka zauna ba. Kai da ka san mota, ka ɗauka tiyon mai ne ya tsuke, in tana tsaye tana silo ba ka jin komai, ka ɗora kaya ka fuskanci hawa sai ta fara shaƙewa. Naman ƙafarka yana samun abin da zai ishe shi in kana zaune, ka fara tafiya ya nemi ƙari hanya ta gaza.

E kana buƙata, amma ka fara da ƙaramin na hannu, ya fi sauƙin kuɗi kuma sau da yawa ya wadatar. Ka gaya musu da tafiya abin ke zuwa, domin wani lokaci awon yana fitowa daidai in mutum yana kwance, sai an sa shi ya yi tafiya ko ya yi ta ɗaga dunduniya har ciwon ya zo sannan a sake aunawa a ga lambar ta faɗi. Kada ka sha sigari awa biyu kafin awon, tana tsuke jijiya ta ɓata lissafi. In kuma duk an yi an ga jini lafiya sai a waiwayi baya, zaman mota na shekaru yana iya sa ƙashin baya ya danne jijiyar ji ya ba da ciwo mai kama da wannan, sai dai shi yawanci sai ka zauna ko ka sunkuya yake saki.

Maganar "ba da yawa ba" kuwa, ban taɓa haɗuwa da mai shan sigari da ya ce min da yawa yake sha ba. Ita ce kan gaba wajen jawo wannan ciwon, shisha ma 'yar gidansu ce. Kuma abin da ya sa na ɗauki wasiƙarka da muhimmanci ba ƙafar ce kaɗai ba, dattin da ya tsuke jijiyar ƙafa shi ne dai ke tsuke ta zuciya da ta ƙwaƙwalwa, mai wannan ciwon yana cikin haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki fiye da sauran mutane, kai kuma tirela kake riƙe da ita a kan titi. A auna maka hawan jini da suga da kitsen jini, wataƙila a ɗora ka a kan maganin rage kitse da na hana jini haɗuwa, likita ne zai zaɓa ba yaron kemis ba. Abin mamakin shi ne babban maganinsa tafiyar ce dai, ka yi tafiya har ciwon ya zo ya ɗan dame ka, ka tsaya ya tafi, ka ci gaba, kamar rabin awa sau uku a sati na wata uku, a hankali za ka ga nisan yana ƙaruwa. Ƙaho kuma a bar shi haka, tsaga a ƙafar da jini bai ishe ta ba neman gyambo ne da kuɗinka. Ranar da kuwa ƙafa ta yi sanyi farat ɗaya da azababben ciwo ta mutu ba ka iya motsa yatsu, ko a Lokoja kake ka ajiye motar ka nemi babban asibiti, awanni kaɗan ake da su, wajen shida.

TAMBAYA: Likita ƙanwata ce ta haihu kwana 11 da aka yi mata aiki, tun shekaranjiya ƙafarta ta hagu ta kumbura ta fi ɗayar, da zafi a dambubu, Inna tana ta matsa mata da man zafi bayan wankan jego tana cewa jinin haihuwa ne ya sauka. Mu jira arba'in ko mu je? Daga Maraɗi.

AMSA: Ku je yau, kuma ki roƙi Inna da girman Allah ta daina matsawar. Na riga na amsa miki ta waya ranar da saƙon ya shigo, ina maimaitawa ne saboda wasu. Kumburin ƙafa ɗaya mai ciwo bayan haihuwa, balle an yi aiki an kwanta, abin da muke tsoro shi ne gudan jini ya daskare a babbar jijiyar da ke dawo da jini, matsa shi kuma na iya ɓantaro shi ya bi jini ya je ya toshe huhu. Sati shidan farko bayan haihuwa, kusan daidai da kwana arba'in ɗin namu, su ne lokacin da ya fi faruwa. Hoton ba wuya, mai yin sa yana danna jijiyar da kan na'urar ne daga matsematsi zuwa bayan gwiwa, lafiyayya tana lotsewa ta haɗe, mai gudan jini a ciki ta ƙi. A can wajenku in kin ce eko Dofla za su gane. In an samu akwai maganin tsinka jini da ake yi na aƙalla wata uku, kuma akwai irin da mai shayarwa ke amfani da shi lafiya. In na farko bai nuna komai ba amma kumburin bai sauka ba akan sake bayan sati. Numfashi ya fara yi mata wuya ko ƙirji ya soke ko tari da jini, wannan ba a jiran gari ya waye. Alhazai masu dawowa daga Umara da ƙafa ɗaya a kumbure bayan zaman jirgi, ku ma da ku nake.

TAMBAYA: Ni mai tuyar ƙosai da waina ce, shekara da shekaru ina aiki a tsaye da zaune kan kujera 'yar tsuguno, jijiyoyi sun fito min ruɗu-ruɗu a ƙafa, yanzu ga gyambo a saman idon sawu ta ciki yana ta ruwa wata bakwai, wasu sun ce na taka asiri ne. Wata maƙwabciyata ta ce ita bandeji mai matsewa aka naɗa mata ta warke, in saya in naɗa? Daga wata uwa a Kumasi.

AMSA: Hajiya ba abin da kika taka sai wahalar neman halak, Allah ya sa albarka. Naki kishiyar na Baban Zariya ne, shi jini ne ba ya zuwa, ke kuma yana zuwa komawa ce take gagara. A cikin jijiyoyin dawo da jini akwai wasu 'yan ƙofofi da ke buɗewa sama kawai, in sun saki sai jini ya riƙa zubowa baya ya taru a ƙasa, fata ta yi duhu ta yi kauri, ƙarshe ta fashe, kuma daidai wajen da kika faɗa take fashewa. Maƙwabciyarki ta yi gaskiya, matsewa ce maganinsa, amma ba a naɗa wa kowa sai an fara auna jijiyar kai jini da ƙaramar Dofla an ga lambar ta kai 0.8 ko sama, don in akwai toshewa a ɓoye kika ƙara matsewa a kai kin shaƙe ƙafar gaba ɗaya. Kuma naɗin kansa aikin wanda ya koya ne, ba irin ɗaurin kallabi ba. Babban hoton naki a tsaye ake yin sa, a matsa dambubu a saki a ga ko jinin yana komowa baya, daga nan a san wace jijiya ce ta lalace ko za a iya rufe ta. Kafin nan in kin tashi daga kasuwa ki kwanta ki ɗora ƙafar kan filo ta fi ƙirjinki tsawo. Ki kuma faɗa musu in akwai sikila a jikinki, ita ma tana kawo gyambo a daidai wannan wajen.

TAMBAYA: Ina zaune a Ingila, farce ne ya shige min nama, na je wajen masu duba ƙafa kafin matar ta cire sai da ta ɗauko Dofla ta saurari ƙafata, na ce ikon Allah, don farce? Wai muna da irinsu a gida kuwa?

AMSA: Don farce fa, ai ka ga abin da farce ya yi a wasiƙar farko. Can duba ƙafa sana'a ce mai zaman kanta, ana yi mata digiri a yi rajista da hukuma, kuma ƙa'idarsu ce ba sa yanka sai sun tabbatar jini na isa wajen, in sun ji abin da bai yi musu ba su tura ka wajen likitocin jijiyar jini. A Najeriya masu wannan karatun ƙalilan ne ƙwarai, aikin ya rabu ne tsakanin likitocin suga, likitocin ƙashi irin na asibitin Dala a Kano, likitocin fiɗa da nas-nas masu wankin ciwo, babban hoton kuma sai sashen hoto na asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano ko na Shika ko na Maiduguri, da wasu wuraren hoto na kuɗi. Ni abin da ke ci min rai shi ne ƙaramar ta hannun ba wani tsada ce da ita ba in aka kwatanta da kuɗin yanke ƙafa da na ƙafar roba, batir take amfani da shi ba ruwanta da NEPA, nas za ta iya koyon ta, amma sai ka shiga asibitin da ke ganin masu suga ɗari a sati babu ko ɗaya, alhali a ɗakin awon ciki ga 'yar'uwarta nan. Sai dai kan na masu ciki daban ne, nasu yana kai wa zurfi, na ƙafa mai lamba 8 ake so. In za ka yi wa asibitin garinku tsaraba in ka tashi zuwa, ka san abin da za ka saka a jaka.

TAMBAYA: Na yi lalle na biki kuma ina azumin ramuwa, an ba ni ranar hoton ƙafa jibi, zai yiwu ko in ɗaga?

AMSA: Kada ki ɗaga, sauti ba ruwansa da lalle, ratsawa yake. Mai duba launin yatsu da farce ne kawai zai ɗan yi tsaki, sai ki ce masa biki aka yi. Azumi kuma ba abin da ake sa miki a baki ko a jijiya, jel ne a fata a goge da tishu, wani lokacin ma in za a duba jijiyoyin ciki su da kansu ke cewa a zo ba a ci komai ba. Ki dai sa zani ko siket mai faɗi, don har cinya za a buɗe, in kina son mace ta yi miki ki faɗa tun wajen karɓar kati.